Yadda Ake Ratsa Fadama da Gonaki a Kan Keken Dutse: Jagora Daga Kwarin Kogin Kano

Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Zariya a tsakiyar hunturu ya san inda ƙasa ke sauya kama. Da ka haye gadar Tamburawa ka doshi Kura, sai ƙura da busasshen kara su ja baya, ka ga kore shar hagu da dama: alkama, tumatir, albasa, masarar rani. Ruwan da ke raya su daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Ba inji ne ke turo shi ba, gangara ce kawai ke tafiyar da shi ta manyan kanal da ƙanana har cikin gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Abin da mai mota ba ya gani shi ne kusan kowane kanal yana da turba a gefensa, kuma kowace turba tana ɓullewa wata: wannan ta shiga ƙauye, waccan ta gangara gaɓar kogi, wata ta haɗe da burtali ta nufi duwatsun Rano.

Wasan keken dutse ya samo asali ne a Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970, inda matasa ke gangarowa daga tsaunin Tamalpais a kan tsofaffin kekuna masu kaurin taya, har ya kai ga shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996. A ƙasashen da wasan ya kafu, akan keɓe wa masu keke turbarsu, a kafa alamomi, a nuna inda ke da wuya. A kwarin Kogin Kano ba a yi wa kowa wannan tanadi ba. Duk turbar da za ka hau, hanyar neman abincin wani ce: manomi, mai jaki, yarinyar da ke kai wa babanta abinci gona, makiyayi da garkensa. Saboda haka hawan nan ya fi buƙatar iya karanta ƙasa da ruwa da mutane a kan ƙarfin cinya.

Mataki na farko: zaɓi lokacinka

Turba ɗaya ce, amma fuskarta huɗu a shekara.

Daga Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin da na fi ba mai farawa shawara. Ƙasa ta bushe ta yi tauri, ƙoramu sun janye, safiya da sanyi, gonakin rani kuma suna kan ganiyarsu. Matsalar lokacin ita ce hazo da iska. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, wato idan ka bar wajen Kura ka nufi kudu maso yamma tana bayanka tana tura ka, ka ji kai gwani ne, sai a dawowa ka same ta a ƙirji alhali ka riga ka gaji. Ka tsara tafiyarka ta yadda za ka fara da fuskantar iska, ka dawo tana bayanka. Ranar da hazo ya yi kauri har ba ka hango bishiyar da ke ƙarshen gona, ka haƙura, musamman idan kana da asma.

Oktoba da Nuwamba, wato kaka, ƙasa ta fi kyan gani amma turba ta fi cunkoso. Ana yankan shinkafa, ana shanya ta a kan tamfol a tsakiyar hanya, a-kori-kura da amalanke suna kai da kawowa. A lokacin ne kuma shanu ke motsi alhali amfani bai gama barin gona ba, don haka zukata a kusa suke. Ana iya hawa, amma a hankali, da yawan sauka.

Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan kai digiri 40, wani lokaci ya wuce. Idan dole sai ka hau, ka fita da an idar da sallar asuba, ka sauka kafin ƙarfe 9:30. Damina kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, ka bar wa masu ita fadama. Baƙar lakar fadama idan ta sha ruwa tana kama taya kamar ƙanzo a gindin tukunya, ta cika tsakanin taya da ƙarfen keke har ƙafar ta daina juyawa. Ban da wahalarka, sawun tayarka yakan bar rami a turbar da mutane za su bi da kaya a ka. Wanda ƙafarsa ke ƙaiƙayi da damina ya nemi jigawa da tsandauri, inda ruwa ba ya kwanciya.

Mataki na biyu: keke, musamman taya

Ba sai ka sayi keke mai tsada ba. Na hannu mai kyau, wanda ke da shoka a gaba kawai, ya wadatar, domin yankin ba shi da manyan gangare na dutse da za su sa a nemi shoka gaba da baya. Abin dubawa uku ne: ƙarfen jikinsa bai tsage ba, musamman wuraren walda, giya tana shiga ba tare da tsalle ba, birki yana kamawa tun kafin hannunsa ya taɓa kan keken. Birki mai faifai ya fi wanda ke matse gefen rim, domin laka da yashi suna cinye robar na biyun da sauri, kuma idan rim ya ɗan karkace sai ya riƙa goga.

Girman ƙafa iri uku ne a kasuwa: inci 26, 27.5 da 29. Mai 29 ya fi hawa kan rami da yashi cikin sauƙi, amma tub ɗinsa da tayarsa sai cikin birni. Mai 26 ya fi sauƙin samun kayan gyara. Kowanne ka zaɓa, kada ka dogara da mai facin ƙauye ya sayar maka da tub, domin abin da ke rataye a rumfarsa galibi na keken gargajiya ne ko na babur. Faɗin taya ya kasance tsakanin inci 2.1 da 2.4, mai ƙurji amma ba manya-manya ba.

Babban abokin gabar mai keke a wannan ƙasa ƙaya ce. Tsidau shi ne ja-gaba: yana yaɗo a ƙasa a gefen turba, 'ya'yansa idan sun bushe duk yadda suka faɗi akwai tsinin da ke kallon sama. Sai ƙayar bagaruwa da ta aduwa da ta gawo da ta magarya, waɗanda ke zuba a ƙarƙashin bishiya, ko manomi ya sare reshe ya yi shinge, iska ta janyo guntunsa kan hanya. Maganin da ya fi duka shi ne taya marar tub, wadda ake zuba wa ruwan liƙi a ciki. Ƙaya na hudawa ruwan zai toshe ramin kana cikin tafiya. Sai dai zafin ƙasarmu yana busar da ruwan da wuri, don haka ka riƙa dubawa duk bayan wata biyu. Idan rim ɗinka bai dace da wannan ba, akwai tub mai ruwan liƙi a ciki, akwai kuma dabarar da masu keken karkara suka daɗe da sani: a yanke bakin tsohon tub, a tsaga shi, a shimfiɗa tsakanin taya da sabon tub ya zama garkuwa. Yana ƙara nauyi, amma yana rage faci.

Iska kuma kada ta yi yawa. Mai faci ya saba bugawa har taya ta yi tauri kamar yadda ake yi wa keken dako, kuma wannan shi ke sa keke ya riƙa tsalle a kan burji yana nutsewa a yashi. Mai matsakaicin jiki da ke amfani da tub ya tsaya tsakanin 28 da 35 PSI a gejin awon iska, ta baya ta ɗara ta gaba kaɗan. Idan ta yi ƙasa da yawa, gefen rim zai matse tub a kan dutse ko bakin siminti ya yi masa huda biyu a jere. Ka kuma duba bakin iskarka. Akwai mai kauri irin na babur, akwai siriri mai ɗan noti a kai. Idan naka siriri ne, famfon mai faci ba zai kama shi ba sai da ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a kai. Ka saya ka ajiye a jaka.

Tsayin sirdi: ka zauna, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. Idan ƙafarka ta miƙe sarai ba tare da ƙugunka ya karkata ba, ya yi daidai.

Mataki na uku: abin da za ka ɗauka

Hular kwano dole ce. Bayan ita, tub guda biyu, famfon hannu, kayan faci da sulushan wanda bai bushe ba, ƙarafan cire taya, ɗan kwandon makullai masu kusurwa shida, abin yanke sarƙa da mahaɗinta na gaggawa, da ɗan hantsaki na zare ƙaya. Tabarau saboda ƙura da ƙwari, safar hannu, takalmi rufaffe. Kuɗi a hannu, ƙananan canji, domin ba kowane ƙauye ne ke da mai POS ba, kuma wata rana ɗan acaɓa ne zai fitar da kai da kekenka.

Ruwa, ka lissafa rabin lita zuwa lita 1 a kowace sa'a gwargwadon zafi. A gora ɗaya ka haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli sun fi biskit riƙe ciki. Ruwan kanal, komai garau ɗinsa, ba na sha ba ne. Ya ratso gonakin da aka zuba wa taki da maganin feshi.

Batun sutura kuma, ɗamammen gajeren wandon 'yan tsere yana da amfaninsa saboda soson da ke ciki, amma ka ɗora dogon wando a kansa, ka ɗaure ƙafar dama kada sarƙa ta ci. Ƙauye za ka shiga, dattawa za ka gaisar. Mata masu hawa su lura da gyale da dogon hijabi: duk abin da zai iya kaiwa ga sifok ɗin ƙafar baya a naɗe shi ko a cusa shi cikin riga.

Mataki na huɗu: tsara hanya

Ka buɗe hoton tauraron ɗan'adam a Google Maps tun kana gida. Kanal yakan fito a miƙe, turbarsa fara a gefe. Kogi yakan fito da farin yashi yana lanƙwasa. Burtali kuwa faffaɗan layi ne marar shuka da ya ratsa tsakanin gonaki. Ka sauke taswirar yankin a wayarka, ko ta manhajar OsmAnd ko ta Organic Maps, domin sabis yakan ɗauke a kwari. Amma ka sani hoton na iya zama na shekarar da ta wuce. Inda ya nuna turba, yau wataƙila fangalin albasa ne.

Fitar farko kada ta wuce kilomita 15 zuwa 20. A kan kwalta wannan ba komai ba ne, amma a fadama mai farawa da ƙyar yake yin kilomita 10 ko 12 a sa'a, ban da tsayuwar gaisuwa da tambaya da faci. Hanya mafi sauƙi ita ce ka kai kekenka a mota zuwa Kura, kimanin kilomita 30 daga Kano, ko Kadawa, ka hau turbar gefen kanal ka bi ta, ka dawo ta wata. Ruwan da kansa jagora ne. Tunda gangara ke tafiyar da shi, duk lokacin da kake fuskantar inda yake fitowa to hawa kake yi a hankali zuwa wajen tafkin Ruwan Kanya da Tiga da ke kudu, idan kuma kana bin sa to sauka kake. Wanda ya rikice ya dubi inda ruwa ya nufa zai san kudu da arewa. Idan ƙafa ta yi ƙwari, sai a fara zagayen da ke barin kanal ya gangara gaɓar kogi ta ɓangaren Bunkure, ko ya hau tudu wajen Rano inda ake samun dutse da tsakuwa.

Kada ka fita kai kaɗai. Mutum uku ya fi: idan ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya nemo taimako. Ka gaya wa wani a gida inda za ka bi da lokacin dawowarka, ka tura masa wurin da kake ta WhatsApp. Dajin Falgore da ke kudu da Tiga ba wurin yawon keke ba ne, komai kyan da ya yi maka a taswira. Ko a cikin gonaki ma, labarin lafiyar hanya na safiyar ranar ake nema, kuma wurin 'yan acaɓan tasha da masu shayi ake samunsa. Idan suka ce kada a bi wani wuri, ba a musu. Ka yi nufin fita daga daji kafin la'asar.

Mataki na biyar: karanta ƙasa kana tafe

Idonka ya kasance taku goma zuwa ashirin a gaba, a kan inda kake son bi. Keke yana bin ido; wanda ya zuba wa rami ido, cikinsa zai faɗa.

Yashi shi ne jarrabawar farko, kuma za ka gane shi daga nesa: turba ta yi fari, sawun babura ya riƙa karkacewa. Tun kafin ka shiga ka sauko zuwa giya mai sauƙi, ka ja jikinka baya kaɗan don ƙafar gaba ta yi sauƙi, ka sassauta riƙon kan keken, ka ci gaba da juya feda ba tsayawa. Kada ka taɓa birkin gaba, kada ka yi kwana da ƙarfi. Keken zai yi ta rawa, ka ƙyale shi. Gefen turba inda ciyawa ta kama ƙasa ya fi tauri, amma nan ne gidan tsidau, don haka zaɓi ne tsakanin wahala biyu. Ni dai na fi son yashi.

Laka ko da rani ana samunta, domin ban-ruwa yakan ɓalle ya malale turba. Idan ɗan guntu ne kuma ka ga sawun babur ya ratsa ya fita, ka bi tsakiyarsa a miƙe. Kada ka kauce ta cikin gonar mutum don gudun ɓata taya. Wannan kaucewar ce ke faɗaɗa turba tana cin shuka. Idan lakar baƙa ce mai sheƙi, sauka ka ɗauki keken a kafaɗa. Tura shi ma cika shi za ta yi.

Akwai kuma sawun tarakta da na a-kori-kura da ya bushe ya zama kwari biyu da tudu a tsakiya. Ka zaɓi ɗaya ka zauna a ciki. Mai ƙoƙarin fita daga kwarin a karkace, gefen tayarsa zai goga bango ya kayar da shi. Idan dole ka sauya, ka rage gudu ka haye shi kai tsaye. Haka ake yi wa kunya da ƙananan hanyoyin ruwa da suka gitta turba: a fuskance su a miƙe, a tashi daga sirdi, a ɗan ɗaga ƙafar gaba.

Gangarawa gaɓar kogi ko kwazazzabo na da tsarinta. Tsaya tukuna ka leƙa da ƙafa, domin zaizayar damina takan yanke turba ta bar rami a inda bara ake wucewa lafiya. Idan tana biyuwa, ka sauke sirdi, ka tashi tsaye, feda biyu a daidai da juna, gwiwa da gwiwar hannu a sake, ƙugu ya koma baya gwargwadon tsananin gangaren. Birki biyu ake kamawa tare, a hankali, da yatsa ɗaya ko biyu. Na gaba ne ya fi tsayar da keke, shi ne kuma ke wuntsila mutum idan aka cafke shi farat ɗaya. Na baya idan ya kulle sai taya ta ja ƙasa. A rage gudu kafin kwana, a sake birki a cikinta. A hawa kuwa, ka sauya giya tun kana ƙasa, ka ɗan sassauta taka feda lokacin da sarƙa ke sauya wuri, ka zauna a bakin sirdi ka sunkuyar da ƙirji. Mai sauya giya a tsakiyar hawa da dukan ƙarfinsa shi ke tsinka sarƙa.

Turbar gefen babban kanal ita ce mafi daɗi kuma ita ce mafi yaudara. Ta miƙe, ta yi sumul, sai mutum ya saki jiki. Ka bar tazara tsakaninka da bakin ruwa. Inda aka yi wa bangon siminti, gansakuka ta sa shi santsi, ruwan kuma ya fi yadda ake ganinsa ƙarfi. Wanda ya faɗa ba ya samun abin kamawa. Siraran gadojin da ake gittawa, na siminti ko na katako, sauka ake yi a tura.

Mataki na shida: haye ruwa

Da rani za ka ga kogi ya zama yashi da ɗan ruwa a tsakiya, ka ɗauka wasa ne. Abu biyu ke sa a yi hattara. Na ɗaya, kogin da ke ƙasan madatsa ba ruwan sama kaɗai yake bi ba; idan aka saki ruwa daga sama yana iya ƙaruwa ko babu gajimare. Na biyu, masu haƙar yashi suna barin ramuka masu zurfi a cikin kogi, ruwa ya rufe su. Saboda haka ba a hayewa sai a mashigin da mutanen wurin ke bi, inda ka ga sawun ƙafa da na babur ya shiga ya kuma fita a ɗaya gaɓar. Idan ruwa ya wuce gwiwa, ko yana jan ƙafarka, ka koma ka nemi gada ko masu fito. Kuɗin kwale-kwale bai kai na asibiti ba.

Keken a kafaɗa ake ɗauka, ta ɓangaren da ruwa ya nufa, don idan ya kuɓuce kada ya doke ka. Kada ka bari ruwa ya rufe cibiyar ƙafar keke ko gindin feda. Yashi zai shiga cikin boris ya cinye shi cikin 'yan makonni.

Akwai dalili na uku da ya sa ba a son yawan taka ruwa a wannan yanki: tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin ƙananan katantanwa da ke cikin ruwa mai tafiya a hankali, irin na ƙananan kanal da kududdufai, kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Don haka wankan kanal bayan an yi gumi, duk da yadda yake jan rai, a bar shi. Wanda ya shiga ruwa, bayan makonni ya ga jini a fitsari, ko zazzaɓi da ciwon ciki da bai gane kansu ba, ya je asibiti ya faɗa musu inda ya shiga. Tana da magani, kuma ba mai wuyar samu ba ne.

Mataki na bakwai: masu hanya

A nan ne ake gane wanda za a yi maraba da shi gobe. Duk wanda ka tarar a turba ya fi ka haƙƙi a kanta. Mai kaya a ka, mai jaki, mai babur ɗauke da kwandunan tumatir zuwa kasuwar Kwanar Gafan, kai ne za ka tsaya ka ba su wuri, ka jingina keken ta inda babu shuka. Daga baya kuma ba a zuwa wa mutum shiru. Keken dutse ba ya ƙara, don haka tun daga nesa ka yi sallama.

Tiyon ban-ruwa da aka gitta a hanya ba a taka shi. Sauka ka ɗaga keken. Haka igiyar dabba, haka shanyar shinkafa ko kauɗa ko barkono, ko da ta cinye turbar duka. Ka zagaya da ƙafa, idan babu wurin zagayawa ka nemi mai ita. Bakin fangali da manomi ya ɗaga da fartanya don riƙe ruwa, taya ɗaya ta isa ta fasa shi, ruwan da ya jira kwanaki kafin layinsa ya zo ya tsiyaye. Kuma ba a tsinkar ko tumatir ɗaya. Ka yi gaisuwa mai kyau, sau da yawa sai an cika maka jaka ka rasa inda za ka sa.

Tambayar hanya ma da yadda ake yinta. Ka sauka daga keke, ka cire tabarau.

"Salamu alaikum. Baba sannunku da aiki, ya ruwa?"

"Alhamdu lillahi, sannunku da zuwa. Daga ina haka?"

"Daga Kano muke, Baba, zagayawa muke yi. Don Allah wannan turbar ina take ɓullewa? Akwai ruwa a gaba?"

Ka lura ba a ce "wannan ce hanyar Bunkure?" ba. Mutumin kirki zai ce maka e don kada ya kunyata baƙo, domin ta wata fuskar kowace turba tana kaiwa can. Idan kuma aka ce maka "nan kusa ne", ka tambaya minti nawa ne a babur, ka ninka sau uku. Idan kuna da yawa kuma za ku yada zango a gari, ku fara gaida mai unguwa ku faɗi abin da ya kawo ku. A cikin ƙauye tafiyar ƙafa ake yi da keke, domin yara za su biyo ku da gudu, akuya kuma ba ta duba hanya. Hoto sai da izini, na mata kuwa a bar shi gaba ɗaya sai in su suka nema.

Idan ka haɗu da garke a burtali ko mashaya, ka tsaya tun da nisa, ka sauka, ka koma gefe guda, keken yana tsakaninka da shanu. Kada ka buga ƙararrawa, kada ka ratsa tsakiyarsu, kada ka shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta. Garken da ya firgita ya faɗa gonar wani, rigimar da za ta biyo baya ta fi ƙarfinka, kuma kai za ka tafi ka bar su da ita. Ka gaida makiyayin, ka tambaye shi ya kiwo, ka jira ya ba ka hanya. Kusa da ruga akwai karnuka. Ba a tsere da su a yashi. Sauka ake yi, a kare jiki da keke, a yi sallama da ƙarfi har mai su ya fito. Idan kare ya yi cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar saboda allurar haukan kare.

Mataki na takwas: idan abu ya faru

Faci zai faru. Ka nemi inuwar da ba ta ƙaya ba, mangwaro ko darbejiya, ka duba ƙasa kafin ka zauna. Bayan ka zare tub, ka shafa cikin tayar da tsumma a hankali har ka gano ƙayar, ka zare ta da hantsaki. Wanda ya sa sabon tub bai cire ƙaya ba, faci biyu ya saya. Tsidau kuma ba ya zuwa shi kaɗai, ka zagaye tayar duka. Tub ɗin da ya huje ka naɗe shi, ka liƙe a gida cikin natsuwa.

Zafi yana da alamu: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, tsikar jiki na tashi cikin rana. Da ka ga haka a jikinka ko na abokin tafiya, a tsaya a inuwa, a jiƙa masa riga da kai, ya riƙa kurɓar ruwan gishiri da sukari. Idan ya fara magana ba kan gado ko ya rikice, lamarin ya wuce hutu. A ci gaba da sanyaya shi, a nemi abin hawa zuwa asibiti nan take.

Maciji ba ya bin mai keke, amma yakan kwanta a ƙarƙashin tarin kara da ciyawar gefen ruwa, kuma kububuwa da kasa ba sa saurin gudu. Kada ka sa hannu ko ƙafa inda ba ka gani. Idan an yi sara, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin a babur ko mota zuwa babban asibiti, kada a bar shi ya taka feda.

Bayan an dawo

Ka wanke keken da bokiti da soso. Injin wankin mota mai feshi da ƙarfi yana tura ruwa da ƙura cikin boris. Ka goge sarƙa da tsumma har ta bushe, ka ɗiga mata mai ƙwaya-ƙwaya, ka juya feda baya, sannan ka sake gogewa sosai. Man da ya rage a waje ƙura yake tarawa ya zama abin da ke cin haƙoran giya. Baƙin man inji da ake shafa wa keken gari bai dace da hunturu ba saboda wannan dalilin. Ka matsa sifok biyu-biyu ka ji ko akwai wanda ya saki, ka duba kaurin robar birki. Washegari da safe ka sake taɓa tayoyin, domin ƙaramar ƙaya takan kwana kafin ta sauke iska. Hanyar da wayarka ta zana kuma ka ajiye ta, ka rubuta wata da ranar da ka bi, da inda ka sami laka da inda aka gitta tiyo, domin mai bin ta a watan Maris ba abin da ka gani a Disamba zai tarar ba.